Minti Bakwai, Ba Ƙari Ba Ragi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau Manaja ya tara mu, mu bakwai masu gadin sito, ya karanta mana takarda. Ranar Asabar 29 ga wata kowane mai gadi zai yi gudun kilomita biyar a filin wasa cikin minti talatin da biyar. Wanda ya wuce haka ko da daƙiƙa ɗaya, ya ajiye kaki ya kama gabansa. Wai an ɗauki matakin ne saboda abin da ya faru ranar Laraba. Yana cewa Laraba, mutum shida suka juyo suna kallona kamar ni na ƙirƙiro ranar.

Shekarata goma sha tara a bakin ƙofar nan, arba'in da takwas a duniya, ga 'ya'ya huɗu. Ban da buɗe ƙofa da rufewa ban iya komai ba.

Ba zan rubuta maganar Laraba a nan ba. Wannan littafin gudu ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kofur, tsohon soja wanda ya fi mu shekaru da tumbi, ya ce mutum dubu tamanin sun kalli bidiyon abin da ya faru ranar Laraba. Wani mara aikin yi har kiɗa ya sa masa. Ni wallahi ban ga abin dariya ba. Mutum ya saɓa fanka mai tsayuwa a kafaɗa da rana tsaka, mai gadi ya bi shi, bai kama shi ba. Shi ke nan abin da ke ciki. Ko fuska ba a gani, sai bayan mutum biyu.

Mai burodi ya ce mini, "Oga Fanka, nawa za a ba ka?" Na fasa sayen burodin.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

'Yata babba ta ara mini agogonta mai lissafin gudu. Ta fara yi mini bayani na ce ta bari, ni na koya mata duba agogo.

Na je filin wasa na danna, na zabura. Kai! Ashe ƙafa tana nan. Na wuce mutum tara kamar an dasa su. A rabin zagaye na biyu sai wani abu ya shaƙe ni a ƙirji, na kwanta a ciyawa don in duba lafiyar sama. Wata tsohuwa da na wuce tun farko ta zo a hankali, tana 'yar sassarfarta kamar mai neman allurar da ta faɗi, ta ce, "Sannu, Malam," ta wuce. Sau uku tana wuce ni tana yi mini sannu.

Lambar tsakiyar agogo: 9:40. Ba laifi ga mafari.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

10:55! Ga ciwon cinya, amma lamba ta hau.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

12:10. Na nuna wa Kwamanda, wato matata, ta kalli agogon ta kalle ni ta ce, "To, Allah ya ƙara." Ba ta san darajar lamba ba. Kwana huɗu kacal, daga tara zuwa goma sha biyu, kuma yau har zama na yi na sha ruwa a tsakiya. In na ci gaba a haka, ranar jarrabawa ashirin zan buga wa Manaja.

Ta dafa shinkafa da yawa kamar kowace Asabar, saboda Auta, ƙaninta, a nan yake cin abincin rana tun da aka rufe masana'antar da yake aiki. Bai zo ba. Ta kira shi bai ɗauka ba. Ta ce ko na gan shi kwanan nan. Na ce gishiri ya yi daidai.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Innalillahi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta, ko zuciyata ta sauka. Tsohuwar nan ashe malamar motsa jiki ce, shekara talatin tana koyar da gudu kafin ta yi ritaya. Ina kwance a ciyawa ta tsaya, ni kuma da rawar kai na miƙa mata hannu na ce, "Malama, duba nan, sha uku saura kaɗan."

Ta duba. Ta ce, "Malam, ka san mece ce wannan lambar?"

Na ce, "Maki."

Sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Mace mai jikoki, tana share hawaye da gefen mayafi. Wai lambar nan mintocin da nake cinyewa ne a kowace kilomita. In ta hau, ni ne na sauka. Wai a yadda nake, kilomita biyar sai na yi awa ɗaya da 'yan kai, Manaja ya je gida ya yi wanka ya dawo. Abin da nake nema bakwai ne.

Na ce to wane irin agogo ne wannan da mai ƙaramin maki ke zuwa na ɗaya? Ta ce haka gudu yake tun da aka halicce shi.

Mako guda ina murnar lalacewa. Har Kofur na yi wa gori.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Malama ta karɓe ni. Dokarta ta farko, kada in wuce ta. Ta ce matsalata ba ƙafa ba ce, mutumin da ke zagaya sito wuni guda yana da ƙafa. Matsalata ina kashe ƙarfin kilomita biyar a mita ɗari biyar. Filin nan zagaye goma sha biyu da rabi ne kilomita biyar, kowane zagaye ina da minti biyu da daƙiƙa arba'in da biyar, kuma na farko ya zama daidai da na ƙarshe.

Na bi bayanta ina jin kunya. Gudun nan ko kaza ba za ta kauce masa ba. Amma zagaye takwas ban kwanta ba. 8:30.

Ta ce, "Kai kana tashi ne kamar mai bin ɓarawo." Sai ta kama bakinta. Ni ma na kama nawa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Doka ta biyu: magana. Wai in mutum ba zai iya yin zance yana gudu ba, ya wuce ƙarfinsa, ya rage. Ta ce in yi mata hira. Ni da nake wuni ba na cewa komai sai "ina takardarka", wace hira gare ni? Sai na fara karanto mata kayan sito. Firiji arba'in. Dutsen guga ɗari biyu. Injin markaɗe casa'in. Fanka sittin.

Sai na gyara, na ce, "Hamsin da tara."

Ta yi tuntuɓe saura kaɗan ta faɗi. 8:05.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Auta bai zo ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun je gaishe da Mama, mahaifiyar Kwamanda. Wata biyu tana kwance, ɗakinta kuma rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Muna shiga na ji iska ta doke ni.

Ta ce, "Ku zauna ku sha iska. Auta ne ya kawo mini, Allah ya yi masa albarka. Tun da ta zo nake barci." Ta sa aka juyo mini da fankar saitin fuskata, wai ni ne mai wahalar gudu. Ta ce in duba in gaya mata ko mai kyau ce, tunda na san kayan lantarki.

Mai kyau ce. Lamba uku gare ta, ga juyawa. A gindinta akwai wata 'yar takarda shuɗiya da aka manna, irin wadda na sani a kayan sitonmu. Na ɗora ƙafata a kai. Awa biyu ina zaune da ƙafa ɗaya a miƙe, Mama tana tambaya ko gudun ne ya riƙe mini jijiya. Da za mu tafi na sunkuya ɗaure takalmi, takalmin kuma silifa ne. Takardar tana aljihuna.

Ban taɓa yin gumi a gaban fanka irin na yau ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

7:35. Numfashi ya fara jin magana.

Muna miƙe ƙafa bayan gudu Malama ta ce jikarta ta nuna mata bidiyon. Na ce kowa ma ya gani. Ta ce, "Kowa ya kalla, ni na gani. Mutumin da ya gaji, kansa baya yake yi, kafaɗa ta ɗage, hannu ya watse. Kai har wajen tankin ruwa cim masa kake yi, saura taku huɗu. Daga nan sai takunka ya gajarce, kafaɗarka kuwa lafiya lau."

Na ce takalmin aiki ne, yana da nauyi.

Ta ce, "Haka ne. Wani takalmin a wajen tanki yake fara nauyi." Ta ci gaba da miƙe ƙafa. Ni tsoron tsohuwar nan nake ji.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na tarar da Kofur a bayan sito yana shafa man zafi a gwiwa. Ya yi saurin sauke wando. Shekararsa hamsin da bakwai, saura biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Ya gwada kilomita biyar jiya, minti arba'in da huɗu, kuma mai mashin ne ya kai shi gida.

Ya ce, "Duk kai ka ja mana, Fanka. Da ka kama ɗan banzan nan da yanzu muna zaune lafiya." Yana dariya ya faɗa. Ni ban ci abincin rana ba.

Na ce gobe ya zo fili ƙarfe shida.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Kofur ya zo, ya kuma kwaso sauran biyar. Malama ta ga ƙatti bakwai a jere ta ce ita ta yi ritaya, ta naɗa ni jagora. Ni! Na tsaya a gabansu na ce wanda ya wuce ni ya faɗi, wanda ya bar ni na ɓace masa shi ma ya faɗi. Na yi musu bayanin lambar agogo, cewa ƙarama ake so. Na ce abin mamaki akwai jahilan da ke zaton babba ce mai kyau. Malama ta juya baya tana tari.

Dokar magana ta karɓi Kofur. Labarin soja tun daga zagaye na ɗaya. A na shida ya tsaya a tsakiyar yaƙi, ya riƙe gwiwa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kwamanda ta ce yau ita za ta riƙe mana lokaci. Ta zo da kujerar roba ta zauna a bakin layi. Sauran sun gama nasu sun watse, ni na ci gaba don in cika sha biyu da rabi. Ta ce ta ji dokar magana, don haka duk zagaye za ta yi mini tambaya ɗaya.

Zagaye na tara: "Baban yara, ka gaji?" Na ce a'a.

Na goma: "Jiya ka sha maganinka?" Na ce na sha.

Na sha ɗaya: "Ta baya ka gane shi, ko sai da ya waiwayo?"

Yau na gano wani abu da Malama ba ta koya mini ba. Ƙarya numfashi take ci. Sai ka shirya ta, ka jera ta, ka sa mata murya. A zagaye na sha ɗaya ba ni da wannan jarin. Na ji bakina ya ce, "Sai da ya waiwayo." Na wuce.

Na yi zagaye na sha biyu ina addu'ar filin ya ƙara tsawo. Na dawo na same ta tana naɗe tabarmar da ba ta shimfiɗa ba. Ta ce ita tun ranar farko ta san Auta ne. Ita ta goya shi, ita ta koya masa tafiya, duk duniya mutum ɗaya ne ke gudu da hannun hagu a sama kamar mai tare mota. Sau arba'in ta kalli bidiyon a banɗaki. Ta ce, "Jira nake ka faɗa, kai kuma kana ta yabon gishiri."

Muka taho gida. A bakin ƙofa ta ce, "Talatin da biyar da daƙiƙa hamsin." Sai ta fashe da kuka.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ya zo. Ya rame. Ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Yaya, zan je wajen Manaja in faɗa." Mutum mai shekara talatin da huɗu, da gemu. Na ce in ya je, shi ya kwana a bayan kanta wajen 'yan sanda, labari ya kai kunnen Mama, sannan a ɗauke abin da ke sa ta barci. Ya tashi ya zauna kamar mutane.

Ya ce to ko ya zo ranar Asabar ya shige gabana ya riƙe mini gudu, tunda shi yana da numfashi. Kwamanda ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Kai, kana da hankali kuwa? Mutum dubu tamanin sun haddace bayanka, za ka je gaban Manaja ka yi gudu shi kuma yana binka?" Ta kafa masa doka, ko gobara ce ta tashi, tafiya zai yi, hannu a aljihu.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Bayan ya tafi kuma haushi ya zo. Ina jin haushinsa, wallahi ina ji. Kuma da za a mayar da ni wajen tankin nan, ban san ko ƙafata za ta yi wani abu daban ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ni 34:30. Biyar suna bayana kamar taragon jirgi. Kofur 36:40.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malama ta ce yau hutu, a sha ruwa, a kwanta da wuri. Kofur ya kira ni sau uku yana tambaya ko ƙarama ake so ko babba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Manaja ya zo da usur da agogo biyu da laima. Yana busawa jikina ya ce zabura, na ce masa zauna. Muka tafi a jere, biyu da arba'in da biyar, biyu da arba'in da biyar. Masu kallo suna ihu, "Fanka! Ƙara lamba!" Ban ƙara ba. Kofur yana bayan kunnena yana ba da labarin wani kogi da suka taɓa ƙetarewa.

A zagaye na goma labarin ya yanke. Na waiwaya, ya koma baya da taku ashirin yana jan ƙafar dama. Na duba agogo, ina da rarar daƙiƙa talatin da 'yan kai. Na ce wa biyar ɗin su riƙe haka kada su canza, ni na rage har ya iso ni. Na ce, "Kofur, kogin fa? Kun ƙetare?" Ya ce, "Tafi." Na ce ya ƙarasa mini labari. Ya ce, "Tafi, don ubanka, kana da yara."

Na zauna da shi zagaye biyu ina kallon rarar tana narkewa. Da ya rage rabin zagaye Malama ta ƙwala mini kira daga bakin fili, ban taɓa jin muryarta haka ba. Na tafi. Na bar shi.

Ni 34:57. Kofur 35:11.

Manaja ya rubuta, ya ce doka doka ce, ranar Litinin Kofur ya kawo kaki. Kofur ya sara masa, ya zo ya dafa ni ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Fanka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Na ƙirga su a agogo ina zaune. Ko shayi ba a zubawa a cikinsu.

Na gaya wa Kwamanda abin da zan yi. Ta ce, "Yara huɗu." Na ce na sani. Ta ce, "Sunan fa?" Na ce suna ba ya ciki. Ta tashi ta jona dutsen guga ta goge mini kakin, har da hula.

Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na riga Kofur shiga ofis. Na ce, "Yallaɓai, masu gadinka ba su da matsalar gudu. Ranar Laraba ba gajiya na yi ba, ragewa na yi." Na faɗa a hankali, ban yi haki ba.

Ya cire tabarau. Sau uku yana tambayata wane ne, sau uku ina ce masa ni ƙofa aka ba ni gadi, ba sunaye ba. Ya ce na san abin da wannan ke nufi? Na ce shi ya sa na zo da kakin a goge. Na roƙe shi abu ɗaya, tunda jarrabawar a kan kuskure aka gina ta, kada ta ci mutumin da bai ji ba bai gani ba. Ya ce takarda ta riga ta tafi sama, ba zai iya soke ta ba, amma zai ba Kofur wata guda ya sake.

Na ajiye makullai. Sabon mai tsaron ƙofa, wato ɗaya daga cikin taragona, ya rasa yadda zai yi, sai ya tambaye ni takardar fita.

Talata, 1 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau ban san inda zan sa kaina ba. Na gyara famfon da bai lalace ba. Kwamanda ta kore ni daga kicin sau biyu.

Ɗazu aka yi ta dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta. Kofur ne, da kaki, yana huci. Ko sallama bai yi ba.

"Kai jaki ne," in ji shi. "Shekara sha tara! Ka ci jarrabawa ka je ka zubar. Wa ya aike ka? Ni na ce ka yi?"

Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ce ba zai sha ba. Ya sha kofi biyu. Ya zauna yana murza gwiwa, ya ƙi kallona, idonsa ya yi ja. Can ya ce ƙanin matarsa yana neman mai gadi a wani gareji, ba wani abin kirki ba ne, amma ƙofa ce. Na ce zan je in gani.

Ya miƙe har ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana gyara hula.

"Gobe ƙarfe nawa?"

Na ce, "Shida. Kuma kada ka wuce ni."